Zaɓen Sanatoci a Gabon: Wa Ke Kan Kujera, Wa Ke Neman Ture Shi?

Wannan shi ne bayanin da muka yi a shirin makon jiya. Mun rubuta shi saboda waɗanda ke kan hanya lokacin da aka watsa shi, da waɗanda ke daji inda rediyo ba ta kamawa sosai. Tambayar da ta jawo shi ta fito ne daga 'yan'uwanmu masu kai shanu da albasa Libreville. Sun ji an ce ranar 8 ga Nuwamba 2025 za a yi zaɓen sanatoci a Gabon, amma ba su ga irin hayaniyar da suka saba gani ba, kuma babu wanda ya shigo kasuwa yana roƙon jama'a ƙuri'a. Shi ne suke tambaya: wane irin zaɓe ne wannan? A cikin masu takarar wa ke kan kujera, wa ke neman ture shi? Kuma mu da muke baƙi, ina ruwanmu?

Bari mu fara da abin da ka riga ka sani. Idan kai mutumin Najeriya ne, zaɓen sanata a wurinka abu ne na bin layi a rana. Ƙasar tana da sanatoci 109, uku daga kowace jiha, ɗaya daga Abuja, kuma duk mai katin zaɓe yana da ta cewa. Ka tuna Kano ta Kudu a watan Fabrairun 2023. Kabiru Gaya, tsohon gwamnan jihar, yana kan kujerar tun 2007, wa'adi huɗu ke nan a jere. Kawu Sumaila ya fito masa a jam'iyyar NNPP, aka kaɗa ƙuri'a a ƙananan hukumomi 16 na yankin, Kawu ya samu sama da dubu 300, shi kuwa Gaya bai kai dubu 200 ba. Zaman shekara 16 a majalisa ya ƙare a wuni ɗaya. Waɗanda suka yi wannan aikin manoma ne da matan aure da 'yan tireda da matasa, mutanen da babu ɗan takarar da ya isa ya san su duka, balle ya bi su gida-gida. Wannan hoton ne ke zuwa wa Bahaushen Najeriya da zarar an ce mai ci da mai nema sun kara.

Mutumin Nijar ma bai saba da kalmar sanata ba, don ƙasarsa ba ta taɓa zaunar da majalisar dattawa ba. Tsarin mulkin da Tandja Mamadou ya kawo a 2009 ya tanade ta, amma sojoji suka kifar da shi a Fabrairun 2010 kafin a kai ga kafa ta.

To, ka ajiye hoton Kano a gefe. A Gabon talaka ba ya zaɓen sanata da hannunsa. Kansiloli ne ke zaɓensa, wato waɗanda masu jin Faransanci ke ce wa konseye: 'yan majalisar gari, masu zama a meri, da 'yan majalisar karkara ta kowace gunduma. Talaka ya zaɓi kansila, kansila ya zaɓi magajin gari, shi ne kuma zai zaɓi sanata. Tsari ne da aka kwaso daga Faransa, kuma ba Gabon kaɗai ke bin sa ba. Kamaru ta fara a 2013, da sanatoci 100: kansiloli su zaɓi 70, shugaban ƙasa ya naɗa 30. Chadi ta yi zaɓenta na farko a Fabrairun 2025, da kujeru 69: 46 na zaɓe, 23 na naɗi. Kai da kake tashi daga Ngaundare ko daga iyakar Chadi da shanu, ashe ƙasashe uku kake ratsawa masu irin wannan majalisa, ko ba ka taɓa ganin ranar zaɓenta ba.

Yadda ake lissafin

Kowace kujera tana da yankinta: ko wani gari da karkarar da ke kewaye da shi, ko wani ɓangare na babban birni kamar Libreville, wadda ke da gunduma shida. A wannan karon kujeru 70 ne. Ranar zaɓe kansilolin kowane yanki za su taru, kowa ya shiga bayan labule ya jefa tasa. Wanda ya samu fiye da rabi ya ci. In babu wanda ya kai, a koma zagaye na biyu kafin watan ya ƙare.

Mu ɗauki misali, kuma misali ne kawai don lissafin ya fito. A ce yanki yana da kansila 31. Jam'iyya ta farko tana da 17, ta biyu tana da 9, 'yan indifenda 5. Mai son kujerar yana bukatar 16. Ka ga tun daga daren da aka ƙidaya ƙuri'un kansiloli kowa ya san wace jam'iyya ce ke da sanata, ko da ba a san sunan mutumin ba tukuna. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma Larabar wannan zaɓe ta riga ta wuce: ita ce 27 ga Satumba 2025, ranar da aka zaɓi kansiloli tare da zagayen farko na 'yan majalisar dokoki.

Amma ka sake duba lissafin. Mai 17 ɗin nan mutum biyu kawai za su zame masa, sai ya koma 15, sai zagaye na biyu, sai ciniki. Ƙuri'ar a ɓoye take. Kansila zai iya cin tuwon biki a gidanka da dare, ya rantse maka, gari ya waye ya jefa wa wani. Don haka yaƙin neman wannan kujera ba a filin ƙwallo ake yin sa ba, a falo ake yi, da waya, da gaisuwar mutuwa, da tuna wa mutum alherin da aka yi masa bara. Duk wanda ya taɓa zama a kara ya ga yadda dillalai ke ƙulla ciniki a ƙarƙashin hannun riga ba zai sha wahalar gane wannan ba.

A irin wannan fage mai kujera ya fi mai nema sauƙi nesa ba kusa ba. Masu zaɓen nasa ba su da yawa, ya san su da suna, ya san iyayensu. Sau da yawa ma shi ne babban ɗan siyasar yankin, da shi aka zauna aka tsara jerin sunayen 'yan takarar kansila, kuma aljihunsa ya taimaka wajen kamfe. Ka ga ke nan ya sa hannu wajen zaɓen waɗanda za su zaɓe shi. Mai nema kuwa hanya biyu gare shi. Ko dai ya fara aiki tun da wuri, ya cusa mutanensa a jerin kansiloli har su yi rinjaye, ko kuwa ya je hedkwatar jam'iyya a Libreville ya sa a ba shi tikitin a hana mai ci. Ta biyun ta fi saurin kai mutum. Sanatan Gabon ya fi tsoron takardar da ke fitowa daga ofishin jam'iyyarsa fiye da fushin 'yan kasuwa, kuma in ka fahimci wannan ka fahimci rabin siyasar majalisar.

Tarihin majalisar ya nuna haka ƙarara. An kafa ta a 1997, zamanin Omar Bongo, da kujeru 91, kuma Georges Rawiri ne ya shugabance ta har rasuwarsa a 2006. Daga baya aka ƙara kujerun suka kai 102. Jam'iyyar PDG, wadda Bongo ya kafa a 1968, ita ce ke da rinjaye a kowane zubi, saboda ita ce ke da kansiloli. A zaɓen Disambar 2014 ta kwashe 81 cikin 102, kuma kansilolin da suka ba ta an zaɓe su ne tun Disambar 2013. Na 2021 ya fi wannan ban mamaki. An rage kujerun zaɓe zuwa 52, aka ba shugaban ƙasa Ali Bongo ikon naɗa 15, jimla 67. Kansilolin da suka kaɗa ƙuri'a a farkon 2021 tun Oktoban 2018 aka zaɓe su, a zaɓen da Jean Ping da wani sashe na 'yan adawa suka ƙaurace wa. Wato wanda ya yi fushi ya zauna a gida a 2018, ya sarayar da kujerar sanatan da ba za a yi takararta ba sai bayan shekara biyu da 'yan watanni.

Kada ka ɗauka kujerar ado ce kawai. Omar Bongo ya rasu a Basalona ranar 8 ga Yuni 2009 bayan fiye da shekara 41 yana mulki. Tsarin mulki ya ce shugaban majalisar dattawa ne zai riƙe ƙasa. Mace ce a kan kujerar, Rose Francine Rogombé, wadda ba ta fi wata huɗu da hawa ba. Ranar 10 ga Yuni aka rantsar da ita, ta riƙe Gabon har 16 ga Oktoba, lokacin da Ali Bongo ya karɓa. Matar da 'yan kansiloli suka aika majalisa, abokan aikinta suka ɗora ta a kansu, ita ce ta zama shugabar ƙasa mai arzikin mai na tsawon wata huɗu. Masu mulki sun lura da nauyin wannan. Bayan Ali Bongo ya samu shanyewar ɓarin jiki a Saudiyya a Oktoban 2018, an gyara dokar a ƙarshen 2020 aka ce mutum uku ne za su riƙe tare: shugabannin majalisun biyu da ministan tsaro.

To a zaɓen 2025 wa ke kan kujera?

Nan ne tambayar 'yan'uwanmu ta yi daɗi, don amsar ba ta miƙe ba. Ranar 26 ga Agusta 2023 aka yi zaɓen shugaban ƙasa da na 'yan majalisa da na kansiloli a haɗe. Ranar 30 ga wata, da asuba, aka ce Ali Bongo ya ci, kuma cikin sa'a guda sojoji suka fito a talabijin suka soke zaɓen, suka rushe majalisu. Janar Brice Clotaire Oligui Nguema ya hau. Majalisar dattawan da aka zaɓa a 2021 ta tafi da kujerunta. A madadinta aka naɗa ta riƙon ƙwarya mai mutum 70, aka ɗora Paulette Missambo, shugabar jam'iyyar adawa ta Union Nationale, a kanta. A garuruwa ma haka aka yi: aka sauke magadan gari da kansiloli, aka naɗa wakilai na musamman, kuma wanda aka fara ba Libreville janar ne na soja.

Saboda haka waɗanda ke zaune a zauren majalisar kafin zaɓen Nuwamban 2025, a ginin da ke ɗauke da sunan Omar Bongo a Libreville, babu kansilan da ya zaɓe su. Takardar naɗi ce ta kawo su. Duk wanda ya so komawa cikinsu a lokacin yana da sunan sanata da motar ofis, amma ba shi da babban makamin mai ci da muka faɗa a sama, don kansilolin da za su yanke masa hukunci sababbi ne fil, ba su kai wata biyu da zaɓe ba.

Idan ka duba ta fuskar jam'iyya kuma, mai tsohuwar kujera ita ce PDG, wadda ta riƙe majalisar daga 1997 zuwa 2023. Mai nema ita ce UDB, jam'iyyar da ke kiran kanta ta magina, wadda aka kafa a Yulin 2025. Sai dai wannan mai neman ba irin Kawu ba ne da ya fito daga gefe. Jam'iyyar shugaban ƙasa ce. Oligui Nguema ya ci zaɓen 12 ga Afrilu 2025 da fiye da kashi 94 cikin 100, aka rantsar da shi ranar 3 ga Mayu, sannan ya kafa ta. Kuma manyanta da dama jiya-jiya suna PDG. Ita kanta PDG ɗin ta mara wa Oligui baya a zaɓen Afrilu. Ka ga ke nan a wurare da yawa mutum biyun da za su kara duk hoton shugaba ɗaya suke ɗagawa, wataƙila ma a ofishin jam'iyya ɗaya suka yi shekaru suna zama. Wannan sauya sheƙa ba baƙon abu ba ne a wurinka: shi kansa Kawun da ya kayar da Gaya na APC, a 2025 ya koma APC ɗin.

Zaɓen 27 ga Satumba bai tafi lami lafiya ba. An yi ƙorafi a kan katunan zaɓe da ƙuri'ar wakilci, 'yan adawa sun yi kuka, har a cikin masu goyon bayan gwamnati an samu masu kuka, kuma a wasu mazaɓu an soke an sake. Duk da haka sakamakon ya fito fili: UDB ce ta yi gagarumin rinjaye a majalisar dokoki mai kujeru 145, ita ce kuma ta fi kowa kansiloli. A ganina, wanda ya sa ido ranar 8 ga Nuwamba don ya ga ko jam'iyyar shugaba za ta rasa majalisar dattawa yana ɓata lokacinsa ne. Abin dubawa shi ne yankunan da babu mai rabi, inda 'yan indifenda da ƙananan jam'iyyu ke riƙe da makullin, da kuma inda kansilolin jam'iyya za su ƙi wanda hedkwata ta turo musu. A nan ne za a san ko tsofaffin masu faɗa-a-ji na kowane yanki suna nan da ƙarfinsu.

Ina ruwanka?

Malam, ruwanka na nan, kuma ba a zauren sanatoci ya fara ba. Mutanen da suka shiga bayan labule ranar 8 ga Nuwamba 2025 su ne dai mutanen da ke riƙe da kasuwar da kake ci a cikinta. Meri ce ke raba rumfa. Ita ce ke karɓar kuɗin tikitin kasuwa, ita ke cewa nan za a kasa kaya nan ba za a kasa ba, ita ke turo ma'aikata su kwashe teburin da ya fito bakin titi. Mai shago a Mont-Bouët ko Nkembo, da mahaucin da ke jiran shanunka, da Hajiyar da ke sayar da atamfa da turare, duk kansila ya fi kusa da tukunyarsu fiye da minista. To wannan kansilan, na tsawon 'yan makonni kafin zaɓe, shi ne ake zawarci. Abin da zai nema a ba shi, da alkawarin da za a yi masa, sau da yawa a kan unguwarsa da kasuwarta ne: wa zai samu rumfa a sabon gini, wa za a tasa.

Kuma iskar da ta kaɗa a 2025 ba ta baƙo ba ce. Gabon ƙasa ce da mutanenta ba su kai miliyan 3 ba, ƙananan sana'o'i da yawa suna hannun 'yan Afirka ta Yamma da 'yan Kamaru, matasan ƙasar kuma suna kukan rashin aiki. Ranar 12 ga Agusta 2025 majalisar ministoci ta sanar da keɓe wasu sana'o'i ga 'yan ƙasa kaɗai. A ciki akwai ƙaramin kasuwancin unguwa, da aika kuɗi ba tare da lasisi ba, da gyaran waya, da aski da kitso na bakin titi, da haƙar zinariya ta hannu ba da izini ba, da dillancin sayen amfanin gona ba bisa ƙa'ida ba. An ce za a bi abin sannu a hankali, tare da taimakon hukumomin garuruwa. Ka ji kalmar? Hukumomin garuruwa. Wato kansilolin nan da magadan garin da suka zaɓa su ne za su nuna wane shago ne ƙaramin kasuwancin unguwa, wane ne ba shi ba. A cikin watan dai an yi hayaniya a Lambaréné a kan rabon wuraren kasuwa tsakanin 'yan ƙasa da baƙi, musamman 'yan Benin, har maganar ta kai ga gwamnatocin ƙasashen biyu. Dattawan zango da suka ga korar baƙi marasa takardu ta 1995 ba sa wasa da irin wannan labari.

Kai mai shanu kada ka ce wannan ta 'yan tireda ce. Gabon daji ne mai ƙudan tsando, kiwon shanu kaɗan ne, sai ɗan abin da ake yi a filayen kudu wajen Tchibanga da Ndendé. Shi ya sa tirelarka ke da daraja tun daga Ambam, ta haye kogin Ntem a Eboro, ta bi Bitam, Oyem, Mitzic, Ndjolé, Kango, Ntoum har Libreville. Amma gwamnati ta ɗaura aniyar rage dogaro da abincin waje, kuma ta riga ta sanar cewa daga 1 ga Janairu 2027 ba za a ƙara shigo da kajin nama daga waje ba. Yau kaji ne. Duk wata doka da za ta taɓa harajin shigo da dabbobi, ko takardun likitan dabbobi, ko kuɗin katin zama, ko kasafin kuɗin da ke cewa duwan ta karɓi kaza, sai ta bi ta majalisun nan biyu.

A nan ya kamata ka san iyakar ƙarfin sanata, don kada wani ya yaudare ka da sunansa. Bisa tsarin da aka saba da shi tun 1997, doka tana bi ta majalisar dokoki da ta dattawa duka. In suka saɓa, a kafa kwamitin haɗin gwiwa, in ya gagara kuma majalisar dokoki ce ke da maganar ƙarshe. Kasafin kuɗi daga majalisar dokoki yake farawa. Inda dattawa ke gaba shi ne dokokin da suka shafi garuruwa da gundumomi, don aikinsu a rubuce shi ne wakiltar waɗannan hukumomi. Sannan idan majalisa na hutu shugaban ƙasa yana iya kafa doka da sa hannunsa, daga baya a kawo wa majalisun su amince. Sabon tsarin mulkin da aka amince da shi a ƙuri'ar raba-gardama ta 16 ga Nuwamba 2024 ya ƙara wa shugaban ƙarfi: ya soke kujerar firaminista, ya ba shi wa'adin shekara 7 da zai iya sabuntawa sau ɗaya. Majalisar da jam'iyyarsa ta cika ba ita ce za ta tare masa hanya ba. Abin da sanata ke iyawa shi ne gyaran kalma a cikin doka, da jan wa'adin fara aiki da ita, da ɗaga waya ya kira gwamna ko minista a kan matsalar yankinsa. Ga mai tirela 40 na shanu a shekara, bambancin wata uku da wata goma sha biyu na wa'adi ba ƙaramin abu ba ne. Amma sanata ba ya buɗe shingen jandarma, ba ya ba da katin zama, kuma duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya kai wa wani sanata don a gyara maka takardu, ka riƙe kuɗinka.

Akwai masu cewa majalisar gaba ɗaya ɓarnar kuɗi ce, wurin ajiye tsofaffin 'yan siyasa. Ba a Gabon kaɗai ake faɗin haka ba. Senegal ta soke tata a 2012 ta ce za ta kai kuɗin ga waɗanda ambaliya ta shafa, Muritaniya ma ta soke a 2017. Gabon ta zaɓi ta ci gaba da tata, ta cire kujerun naɗin da aka shigo da su a 2021. Wa'adin kuma, da shekara 6 ne, tun gyaran 2023 ya koma 5.

Wata magana ta musamman ga 'yan'uwanmu Hausawan Gabon, na Bitam da Oyem da Minvoul da waɗanda suka gangaro Libreville, waɗanda kakanninsu suka zo fatauci tun kafin a ba ƙasar 'yanci a 1960. Ku ba baƙi ba ne, kuna da katin zaɓe. Wannan tsari da ya hana talaka zaɓen sanata kai tsaye yana da wata ƙofa da ya buɗe wa ƙaramar al'umma. Kansiloli da jerin sunaye ake zaɓensu, ana raba kujeru gwargwadon ƙuri'ar da kowane jeri ya samu. Unguwar da ta haɗa kanta za ta iya sa ɗanta a wuri mai kyau a jeri, ya shiga majalisar gari. A Kano ta Kudu ƙuri'a dubu ɗaya ɗigo ce a cikin dubu ɗari biyar. A zauren da masu zaɓe 31 ne, mutum ɗaya shi ne bambancin 15 da 16, kuma dole mai ci da mai nema su zo su cire takalmi a ƙofar gidansa. Na 2025 ya wuce, kansilolin da aka zaɓa a Satumban 2025 su ne za a yi shekara 5 da su. Amma sunayensu ba ɓoyayyu ba ne, suna meri, kuma ya kamata sarkin zango da shugabannin mahauta da na 'yan kasuwa su san wane ne kansilan unguwarsu tun kafin wata takarda ta iso.

Kai kuwa da ke da katin zama ko biza, ba ka da ƙuri'a, kuma siyasar ƙasar ba taka ba ce. Kada ka sa rigar jam'iyya ko an ba ka kyauta, kada ka liƙa hoton ɗan takara a shago ko a gilashin mota, kada ka ba da gudummawar kamfe da sunan ƙungiya. Wanda ka goya wa baya zai iya faɗuwa da ƙuri'a ɗaya, wanda ya ci kuma ba zai manta ba. Ka duba ranar da katinka zai mutu, ka sabunta patanti, ka ajiye rasit ɗin meri wuri ɗaya. Ɗan Kamaru da ɗan Chadi suna shiga ba biza tun 2017 saboda yarjejeniyar ƙasashen CEMAC, amma ɗan Najeriya da ɗan Nijar ba sa cikinta, kuma shiga ba biza ba ya nufin izinin buɗe shago.

Batun hanya kuma, waɗanda ke da kaya a kan iyaka a ƙarshen Agustan 2023 sun tuna yadda aka rufe ta, ba a buɗe ba sai 2 ga Satumba. Zaɓen sanatoci ba irin wancan ba ne, don kansiloli kaɗai ke fita, sauran jama'a suna harkokinsu. Duk da haka dabba ba buhun albasa ba ce, ba ta jure kwana uku a tsaye cikin tirela. In lodinka zai faɗo a lokacin zaɓe, ka buga waya Kye-Ossi ko Eboro ka ji halin da ake ciki kafin ka ɗora, ka kuma tanadi ciyawa da ruwan kwana ɗaya fiye da yadda ka saba.

A shiri na gaba za mu duba takardun da ake nema wa dabbobi daga Ngaundare zuwa Bitam, da waɗanda doka ta san da su da waɗanda aka ƙirƙira a bakin shinge. Mai tambaya ya aiko kafin Laraba.